Rumbu Biyu na Farfesa Sammani

Daga Allah muke, kuma komai daɗewa gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 16 ga Oktoba, 2024, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Farfesa Sammani Khalilu, malamin tarihi kuma marubuci, a gidansa da ke Kwarin Ɗinya, ƙauyenmu da ke tsakanin Ɗanbatta da Makoɗa. Bai yi doguwar jinya ba. Bayan azahar aka sallace shi, aka kai shi makwancinsa kusa da iyayensa, dawa na tsaye a gonaki ba a kai ga yanka ba.

Ni Sama'ilu, taubashinsa ne. Mahaifinsa da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, don haka tun muna yawo ba wando muke tsokanar juna, kuma duk girman da ya samu a duniya bai hana ni kiransa Sammani gatsal a gaban jama'a ba. Tun da aka yi rasuwar nake ɗaukar biro ina ajiyewa, domin an hore mu da ambaton mamatanmu da alheri, ni kuwa raina a ɓace yake. Alherin zan ambace shi, yana da yawa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma in ban faɗi abin da ke cina ba, babu mai faɗa.

Sammani, da kai nake.

Ka bar Kwarin Ɗinya da akwatin kwano a ka, ka yi karatu har ƙasashen waje, ka dawo ka koyar a jami'a sama da shekara talatin. Abokan aikinka suka rungumi tarihin sarauta da yaƙe-yaƙe, kai ka ce tarihin masu fartanya za ka rubuta. Ka bi tsoffin rijiyoyi, da shekarun yunwa, da zamanin da gyaɗa ke da daraja, da garuruwan da suka tashi suka bar kufai. Kakan ce wa ɗalibanka duk inda suka ga kuka tsaye ita kaɗai a tsakiyar gona, su yi sallama, gari ne ya tashi ya bar ta. Littafinka na Hausa a kan kufaifan ƙasarmu har yau ana karanta wa tsofaffi shi a zaure, suna gyara maka sunaye kana kabari.

Ni na fi kowa sanin yadda aikin nan ya taru, domin a bayan babur ɗina aka tara shi. Ina hedimasta a lokacin, duk Asabar sai ka sauko daga motar Kano da rakoda a jaka, ka haye bayana kana kushe tuƙina har mu isa. In mun je gidan tsoho ka tuɓe takalmi tun daga nesa, ka ƙi tabarma, ka zauna a ƙasa. Wata rana wani dattijo a wajen Makoɗa ya ga ka buɗe littafi ka fara rubutun boko, sai ya kama bakinsa ya tsuke. Ya ce shi wannan rubutun a hannun masu haraji ya san shi, kuma bai taɓa ganin ya jawo wa talaka alheri ba. Daga ranar ka koma ajami. Kowane falle ka buɗe shi da Bismillah da salatin Annabi, ka rubuta abin da aka gaya maka, sannan ka miƙa wa malamin gidan ya karanta wa mai maganar, ya ji ko ka yi masa ƙari. Da haka bakunan tsofaffi suka buɗe maka. Ka riƙe wannan a ranka, Sammani, domin zan dawo kansa.

Ba zan manta rijiyar kufai ba. Shekarar da rijiyoyin gari suka ƙafe, mata na tafiya mai nisa da tulu, kai ne ka tuna da wata hira da ka yi da mahaifiyata, Inna Larai, gwaggonka. Ta gaya maka cewa tana yarinya akwai rijiya gabas da tsamiyar kufai, wadda aka cike bayan an tashi daga wurin. Ka tara matasa, ka naɗe wandonka ka shiga cikinsu, aka yi ta haƙa ana yi maka dariya a ɓoye, har aka ci karo da tsohon bakin rijiyar. Yau ita gari ke sha. Haka kuma 'ya'yan ƙauye nawa suka kwana a falonka na gidajen malamai don ba su da masauki a birni? Kana mayar musu da aikinsu jajur da jan biro har su yi hawaye, sannan ka ce wa matarka Hajiya Turai ta ƙara musu tuwo. Allah Ya sa waɗannan su tsaya maka ranar da babu mai tsaya wa wani.

To, yanzu ga abin da ya hana ni barci.

Da ka yi ritaya, jami'ar da ka ƙarar da ƙuruciyarka a cikinta ta ce ka kwashe kayanka daga ofis, wani zai shiga. Ka ce ka ba su takardunka da kaset-kaset ɗinka kyauta, su ajiye a laburare don 'yan baya. Aka ce babu wuri. Ka koma, aka ce za a kafa kwamiti. Ka sake komawa, ka tarar an fito da kwalayenka an jibge a baranda, ruwan damina na feshinsu. Wurin ajiye sabbin motocin manya bai gagara ba, wurin ajiye maganar mutum ɗari-ɗari da suka riga mu gidan gaskiya shi ne ya gagara. Ka ɗauko hayar akori-kura ka kwaso komai zuwa Kwarin Ɗinya. Ni na taya ka saukewa, kuma ranar ko tsokanarka ban iya yi ba saboda yadda na ga fuskarka.

Sai ka yi abin da ɗan manomi kaɗai zai yi. Ka kira magini ya gina maka rumbu biyu na ƙasa a bayan ɗakinka, a kan duwatsu, don gara da danshi. Ka shimfiɗa toka da ganyen darbejiya, ka ɗaure takardun dami-dami da igiyar rama. Na ajami, wato hirarrakin tsofaffi da jagoran da ke nuna wane kaset ne na wa, ka zuba a rumbun gabas. Kaset-kaset da rubutun boko, har da babban littafin da kake ta cewa shi ne aikin ranka, ka zuba a na yamma. Gari ya sami abin dariya, ana cewa Farfesa ya noma takarda. In an tambaye ka yaushe za a fara ci, sai ka ce, "Wannan iri ne. Ko yunwa ta kai yaya, manomi ba ya cin irinsa."

Magana ce mai daɗi, kuma da ita ka rufe bakin kowa. Amma Sammani, iri shuka shi ake yi. Shekara takwas kana zaune a gindin rumbunan nan kamar kaza a kan ƙwai. Ɗalibanka sun zo da na'urar ɗaukar hoton takardu, ka ce sai ka gama shiryawa. 'Yarka Nuriyya ta roƙe ka ta kwafe kaset ɗin a kwamfuta, ka ce hannun yara rawa yake. Na san abin da aka yi maka a baranda ne ya sa ka daina yarda da kowa, amma wulaƙancin mutanen birni ka rama a kanmu, mu da ba mu yi maka komai ba. Taurin kan nan na gidanku ne, na sha gaya maka. Kullum amsarka ɗaya, "Sai na gama." Wa ya taɓa gamawa? Kai da ka ƙare rayuwarka kana rubuta labarin mutanen da mutuwa ta yanke wa hanzari, ka ɗauka kai za ta yi maka sallama tukuna?

Ranar sadakar uku motoci suka cika gari har ana ajiye wasu a gonar mutane. Manyan jami'a suka fito da manyan riguna, aka ba su kujerun gaba a rumfa. Ɗayansu ya miƙe ya ce an yi rashin rumbun ilimi. Na biyu ya maimaita, na uku ma haka, sai ka ce kalmar aka raba musu a mota. Suna faɗar rumbun ilimi, jinkar rumbunan gaske tana leƙowa ta saman katangar da suka juya wa baya. Ko ɗaya bai waiwaya ba. An ce za a sa wa wani ɗakin taro sunanka, aka yi hotuna a waya, aka ci shinkafa. Da suka tashi tafiya na bi babbansu har bakin mota, na ce, "Ranka ya daɗe, takardunsa fa suna cikin gidan nan, ga su can." Ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah sarki. Malam, ku rubuto mana a rubuce." Direba ya ja ƙofa.

Bayan sadakar bakwai da 'yan kwanaki, guguwa ta biyo ta gonaki da tsakar rana, ta ɗage jinkar rumbun gabas, ta kwashi takardun da ke sama, waɗanda ka kwance kana aiki a kansu, ta watsa su cikin gari. Ƙaninka Malam Shafi'i, limamin garinmu, yana dawowa daga masallaci ya ga akuya na tauna falle guda, Bismillah na lilo a bakinta. Ya tsinci wani a turken awaki, wani a cikin kwata. Ya sa aka bi gari aka tattaro abin da ya samu. Washegari ya yi alwala, ya sa aka haƙa rami mai zurfi a gefen gonarka, aka kwashe rumbun gabas kaf, ya yi wa takardun abin da ake yi wa tsohon Alƙur'anin da ya yage: ya ƙone su da hannunsa don kada ƙafa ta taka sunan Allah, ya binne tokar.

Ina kasuwar Ɗanbatta aka kira ni a waya. Kafin in iso hayaƙi ya kwanta, ana mayar da ƙasa. Ban san lokacin da na cire hula na jefar ba.

Na ce, "Malam Shafi'i, me ka aikata? Ka san abin da ka ƙona kuwa?"

Ya ce, "Na sani, Yaya Sama'ilu, ai ina karanta ajami. Hirar tsofaffi ce. Amma kan kowace takarda akwai sunan Allah da na Manzonsa, kuma da idona na ga akuya na ci. 'Ya'yansa suna birni. Masu ilimin sun zo sun tafi, ko falle ɗaya ba wanda ya ce a ajiye masa. To wa zai tsare su? Gobe ƙiyama ni za a tambaya, ba su ba."

Yana faɗa hawaye na bin gemunsa. Mutumin nan shi kaɗai ne a duk faɗin ƙasar nan ya ga takardunka ya ɗauka suna da alfarma. Ya yi kuskure, kuskure mai girma, kuma ban yafe masa rashin shawara ba, ai da ya kira ni kafin ya ƙyasta ashana. Amma shi da alwala ya taɓa su. Waɗanda aka ɗauka aiki ana biyansu don adana irin wannan, a baranda suka zubar da su. Bismillar da ta buɗe maka bakin tsofaffi ita ce ta kai maganarsu wuta, kuma ba don komai ba sai don an bar limamin ƙauye shi kaɗai da tambayar da jami'a guda ta ƙi amsawa.

Abin da ya tafi a ramin nan ba ya dawowa. Tsofaffin duk sun mutu, kuma ba duk maganarsu rakoda ta ɗauka ba. Sunayen rijiyoyi, da waƙoƙin daka na shekarar yunwa, da wanda ya fara saran wane daji, da dalilin da ya sa wane gari ya tashi, duk sun zama toka. Malam Shafi'i ya ɗora ƙaya a kan ramin don kada dabba ta tona, kamar yadda ake yi wa sabon kabari. Yanzu in na fito daga gidanka kabari biyu nake gani, ɗaya a maƙabarta, ɗaya a gefen gona.

Rumbun yamma yana nan, kuma Hajiya Turai ce ta tsayar da shi. Da aka yanke dawa aka shiga neman wurin zubawa, wasu suka fara cewa a kwashe shi shi ma, tun da rubutun bokonka ma da Bismillah kake buɗe shi. Tana cikin takaba, ba ta fita ko'ina, sai ta sa aka ɗauko tabarmarta aka shimfiɗa a gindin rumbun, can take wuni da carbinta. Ta aika wa Malam Shafi'i cewa, "Ku gaya wa Malam, muddin ina takaba a gidan nan, babu mai ɗora tsani a jikin rumbun nan. In na fita, gida na magada ne, sai yadda suka yi." Shi kuma ya amsa cewa ya ji, amma in takaba ta ƙare ba a sami wanda zai ɗauke su ya ajiye a wurin mutunci ba, ba zai zuba ido wata guguwar ta sake watsa sunan Allah a kwata ba. Na san shi, abin da ya faɗa zai yi. Wato duk abin da ya rage na aikin shekara arba'in yana rataye ne a kan kwanakin takabar tsohuwa guda, kuma kwanakin tafiya suke yi.

Ni ma ina da kaya a cikin rumbun nan, kuma kai ka sani. Ni ɗan fari ne. Inna Larai ta yi mini kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da ni ba. In tana so na sai ta ce, "Ku kira wancan." Amma kai ɗan ɗan'uwanta, sai ku wuni tana ɓarar gyaɗa tana zuba maka zance, rakoda na juyawa, ni an kore ni zaure. Bayan rasuwarta ka ce mini, "Ka san a hirar nan ta kira sunanka? Tana ba da labarin shekarar da aka haife ka, ta manta da rakoda, ta ce Sama'ilu da bakinta." Na ce ka kunna mini. Ka yi dariya ka ce in jira littafi ya fito in saya kamar kowa. Na ɗauka wasan taubasai ne. Na sake tambaya, ka ce kaset ɗin ya tsufa, sai an sami na'urar kirki, kada rediyo ta cinye zaren. Na yi ta tambaya har na fara jin kunyar kaina, tsoho da furfura yana roƙon a jiyar da shi sunansa.

Yau kaset ɗin yana cikin ɗaruruwan 'yan'uwansa, babu suna a jikinsu sai lambobin da ka sa, kuma jagoran lambobin ya ƙone a rumbun gabas. Ko an ba ni tsani ban san wanne zan ɗauka ba. Ko na sani, ba zan sa shi a rediyona ya tsinke a hannuna ba. Aikin masu na'ura ne da haƙuri, su bi su ɗaya bayan ɗaya. Kuma ba ni kaɗai ba ne, kowane gida daga nan har Makoɗa yana da murya a cikin rumbun nan.

Don haka ku masu rumbun ilimi, kun ce a rubuto muku a rubuce, to ga shi na rubuto, kuma a inda kowa zai gani. Ɗakin taron da za ku sa wa sunansa ku riƙe abinku, ba ya bukata. Hanyar da motocinku suka bi suka zo cin shinkafa ba ta rufe ba, tana nan har ƙofar gida. Ku kuma ɗalibansa da kuka kwana a falonsa kuka ci tuwon Hajiya Turai, yau wasunku farfesoshi ne, wasu na riƙe da ofisoshi. In ba za ku iya haɗa mota guda da ɗaki guda mai makulli ba, to ku daina rubuta "Allah Ya jiƙan Baba" a waya, ihu ne bayan hari. In takaba ta ƙare aka haƙa rami na biyu, kada wanda ya zo nan ya zagi Malam Shafi'i. Ni zan tare shi a bakin gari.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Turai, Allah Ya ba ta ladan zaman da take yi. Ina yi wa Nuriyya da 'yan'uwanta, da Malam Shafi'i wanda ya rasa wansa kuma ya kwana da nauyin da ba nasa ba, da dukan mutanen Kwarin Ɗinya masu shan ruwan rijiyar kufai. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya raya abin da ya bari.

Kai kuma Sammani, fushina da kai bai kai ƙaunar da nake maka ba, ka san haka tun muna yara. Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka kurakuranka, har da taurin kan. Allah Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa kowane ɗigon ruwan rijiyar nan ya zama sanyi a gare ka. Allah Ya sa Aljanna ce makomarka, Ya haɗa ka da tsofaffin da ka zauna a ƙasa ka saurara. In Ya haɗa ka da Inna Larai a cikinsu, ka gaishe ta, kuma ka gaya mata gaskiya da bakinka: wancan har yau bai ji ba.

Sama'ilu Abdulrashid
Kwarin Ɗinya, ta Ɗanbatta